Wasiyya da Gaɓoɓin Jiki: Ko Mamaci na da Ikon Zaɓen Wanda za a Dasa ma Ƙodarsa?

1. Gabatarwa

Garin Madarumfa yana kimanin kilomita 20 kudu da Maraɗi, dab da iyakar Najeriya. Mutanen wannan gunduma sun saba da bin hanyar Ɗan Isa, Jibiya da Katsina har zuwa Kano, wasu don fatauci, wasu don zumunci, wasu kuma don neman magani. A Kano ɗin ne asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a shekara ta 2002, shekara biyu bayan dashen farko da aka yi a Legas. Saboda haka maganar cire ƙoda daga jikin wani a sa ma wani ta daɗe da shiga kunnen mutanen jahar Maraɗi, musamman gidajen da ke da mai ciwon ƙoda wanda ake ma wankin jini sau biyu ko sau uku a mako.

Tambayar da za mu duba a cikin wannan maƙala ita ce: in mutum ya yarda a ɗauki wata gaɓa tasa bayan rasuwarsa, yana da ikon ya ce ga wanda za a ba, ko ga wanda ba za a ba ba? Mutumin Madarumfa zai auna wannan tambaya da ma'aunin da ya sani, wato wasiyya. Abin da muke son nunawa shi ne, wannan ma'auni bai dace da jiki ba, domin jiki ba ya cikin dukiyar gado. Abin da mamaci ke bari izini ne. Wasu dokoki sun yarda ya haɗa izinin da sunan mutum guda, amma dokokin da suka yi magana a kan ware wani jinsi ko wani addini sun ƙi karɓar wannan sharaɗi.

2. Ma'anar kalmomi

Da "dashe" muna nufin abin da ake ce ma greffe da Faransanci, wato a ɗauki gaɓa ko tsoka daga jiki a haɗa ta da wani jiki don ta ci gaba da aiki. "Mai bayarwa" shi ne donneur, "mai karɓa" kuwa receveur. Mai bayarwa na iya zama mai rai, kamar wanda ya ba ƙanensa ƙoda guda cikin biyun da Allah ya ba shi, yana kuma iya zama mamaci. A kan mamaci ne maganarmu take.

Sharaɗin da mutum zai iya gindayawa iri uku ne, kuma ya kamata mu rarrabe su tun yanzu, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, ambaton suna. Misali magidanci ya ce: "In na cika, a ba ɗana wane ƙodata."

Na biyu, ambaton jama'a. Misali ya ce a ba musulmi kaɗai, ko Bahaushe kaɗai, ko kada a ba mashayin giya.

Na uku, ɗaure kyautar baki ɗaya. Misali ya ce in ba wane za a ba ba, to a rufe shi da kayansa.

Akwai wani abu na huɗu da ba ya cikin waɗannan, shi ne mutum ya zaɓi gaɓar da za a ɗauka, ya ce ya yarda da ƙoda bai yarda da zuciya ko ido ba. Wannan bai shafi mai karɓa ba, kuma ƙasashen da za mu ambata duk sun amince da shi.

3. Jiki ba ya shiga gado

A Nijar, dokar tsarin kotuna ta 16 ga Maris 1962, da waɗanda suka gaje ta a 2004 da 2018, sun bar sha'anin aure, gado, kyauta da wasiyya a hannun al'adar masu shari'a, muddin al'adar ba ta saɓa ma dokar ƙasa ko yarjejeniyoyin da ƙasa ta sa ma hannu ba. A ƙasar Hausa, wannan al'ada a sha'anin gado fiƙihun Malikiyya ce. Shi ya sa in rigima ta tashi a kan wasiyya a Safo ko a Gabi, gun malami da sarki ake fara zuwa, in ta kai kotu kuma alƙali na zama tare da mashawarta masana al'ada.

Ƙa'idojin wasiyya sanannu ne. Daga abin da mamaci ya bari ana fara fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan a raba saura ga magada. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda.

Mu gwada ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan ƙoda mu gani. Da ƙoda dukiya ce, da sai a yi mata kuɗi a ga ko ta wuce sulusi. Da mai bin bashi na da ikon ya tsaya a kanta. Kuma da uban da ya ce a ba ɗansa ƙodarsa ya yi wasiyya ga magaji, wadda ba ta tabbata sai da yardar sauran ƴaƴa. Babu malamin da ke wannan lissafi, dalili kuwa shi ne an haɗu a kan cewa jikin ɗan Adam amana ce a hannunsa, ba a sayar da shi, ba a kuma gadonsa. Haka nan ba za a kama hujja da waƙafi ba, ko da yake ana mutunta sharaɗin mai waƙafi, domin mutum ba ya yin waƙafi sai da abin da ya mallaka.

Daga wannan tushe guda malamai suka rabu biyu. Wasu, irin su Shaihu Muhammad Mutawalli al-Sha'arawi na Masar, sun ce tun da mutum bai mallaki jikinsa ba, ba shi da ikon bayar da shi ko kaɗan. Suna kuma kafa hujja da hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Wasu kuma sun ce larurar ceton rai ta fi ƙarfi, suna nuni da aya ta 32 ta Suratul Ma'ida. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda Nijar da Najeriya ke cikinta, ta ɗauki ra'ayi na biyu a taronta na Jidda cikin watan Fabrairu 1988. Ƙuduri mai lamba 26 ya halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci a dasa ma mai rai wanda rayuwarsa ko wani babban aikin jikinsa ya dogara da ita, da sharaɗin mamacin ya yi izini kafin ya rasu, ko magadansa su yi bayan rasuwarsa, ko shugaban musulmi in ba a san mamacin ba ko ba shi da magaji. Ƙudurin ya kuma hana cinikin gaɓoɓi.

Kalmar da ya kamata mu riƙe a nan ita ce izini. Magada na da ta cewa saboda su ne masu kare mutuncin gawa, ba don sun gaji ƙodar ba. Game da sharaɗin addini kuwa, ayar da aka kafa hujja da ita ta ambaci rai ne ba tare da ta ware na wani ba, kuma malamai sun halatta sadakar nafila ga wanda ba musulmi ba.

4. Dokar Najeriya ta 2014

Mutumin Madarumfa da ya cika a asibitin Katsina ko na Kano, dokar Najeriya ce ke aiki a kan gawarsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa ma hannu a 2014, ta tanadi cewa duk wanda ya isa yin wasiyya yana iya bayar da jikinsa ko wani sashe nasa don a yi amfani da shi bayan mutuwarsa. Yana iya yin haka cikin takardar wasiyya, ko cikin wata takarda da ya sa ma hannu a gaban shaidu biyu. Dokar ta kuma ba shi damar ambaton wata ma'aikata ko wani mutum a matsayin wanda aka ba. Wannan shi ne iri na farko cikin rabe-rabenmu.

Sai dai dokar ta ƙara da cewa gaɓoɓin da aka samu daga mamata za a yi amfani da su, a kuma rarraba su, bisa ƙa'idar da hukuma ta shimfiɗa. Ta haramta ma mai bayarwa karɓar lada in ban da mayar masa da abin da ya kashe, ta kuma haramta ciniki. A watan Maris 2025 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da ƙa'idojin kafa wuraren dashe da sa musu ido. Wannan ya biyo bayan hukuncin da wata kotun London ta yanke ma Sanata Ike Ekweremadu a 2023, na ɗaurin shekara 9 da wata 8, kan kai wani saurayi Ingila don a cire masa ƙoda.

A aikace, ƙodojin da ake dasawa a Kano daga masu rai suke fitowa, galibi ƴan uwa na jini. A wannan hali maganar zaɓe ba ta tasowa, tun da mai bayarwa ya san wanda yake ba, kuma don shi ya kwanta a yi masa aiki. Wahalar tana zuwa ne a ranar da aka fara karɓa daga mamata, lokacin da ƙoda guda za ta tarar da mutum goma suna jira.

5. Yadda wasu ƙasashe suka warware

Ƙasashen da suka daɗe suna karɓa daga mamata sun riga sun ci karo da tambayarmu, kuma amsoshinsu sun bambanta.

Faransa ce ta fi tsanani. Tun dokar Caillavet ta 22 ga Disamba 1976, ana ɗaukan kowa a matsayin wanda ya yarda, sai in ya bayyana ƙin yardarsa. Dokokin 29 ga Yuli 1994 sun sa a cikin kundin Code civil cewa jikin mutum da sassansa ba sa zama dukiya, kuma mai bayarwa da mai karɓa ba za su san juna ba. Saboda haka mamaci ba shi da ikon ambaton kowa, ko da ɗan cikinsa ne. Hukumar Agence de la biomédecine ce ke riƙe da jerin masu jira, ita ke rabawa. Ya kamata ɗalibanmu su lura cewa Code civil na Nijar ya samo asali ne daga na Faransa kamar yadda yake kafin ƴancin kai na 1960, don haka gyaran 1994 bai shiga cikinsa ba.

A Ingila al'amura biyu ne suka gyara tsarin. A watan Yuli 1998, a wani asibitin Sheffield, dangin wani mamaci suka ce sun yarda a ɗauki gaɓoɓinsa amma farar fata kaɗai za a ba. Aka karɓa, aka dasa. Da labarin ya fito a 1999, ministan lafiya Frank Dobson ya sa aka yi bincike, kuma rahoton da ya fito a Fabrairu 2000 ya ce kada a sake karɓar gaɓar da aka ɗaura ma sharaɗi game da mai karɓa. Sai a 2008, a Bradford, wata yarinya ƴar shekara 21 ta rasu, mahaifiyarta na fama da ciwon ƙoda. Dangi sun ce ta sha faɗin tana son ta ba uwarta, amma ƙa'idar ta hana, aka ba waɗansu. Jama'a sun ga rashin tausayi a wannan, don haka a Maris 2010 aka sassauta. Yanzu ana iya roƙon a ba ɗan uwa ko tsohon aboki, da sharaɗin kyautar ba ta rataya a kan roƙon ba, gaɓar ta dace da jikinsa, kuma babu wani majinyaci da zai mutu nan take in bai samu ba. Ke nan Ingila ta buɗe ƙofa kaɗan ga iri na farko, ta rufe ta ga na biyu da na uku.

Amurka ta fi sakin hannu. Dokar kyautar sassan jiki ta 1968, wadda aka sabunta a 1987 da 2006, ta yarda a ambaci mutum da sunansa. In gaɓar ba ta dace da shi ba, bisa tsarin 2006, sai ta koma ga jerin masu jira, sai fa in mai bayarwa ya faɗi akasin haka. Amma ware jama'a bai samu karɓuwa ba. Bayan wani al'amari na 1994 inda dangi suka ce farar fata kaɗai za a ba, jihar Florida ta yi doka cewa duk sharaɗin da ya dogara da launi, addini, jinsi, asali, shekaru ko arziki ba shi da ƙarfi. A 2006 kuma babbar kotun jihar New York ta duba ƙarar wani mutum da matar abokinsa ta ce a ba shi ƙodar mijinta. An aika masa da guda aka tarar tana da lahani, ɗayar kuma an riga an ba wani. Kotu ta ce ba shi da haƙƙin mallaka a kan ƙodar da ba ta dace da jikinsa ba. Hujjar kotun ta yi daidai da abin da muka gani a fiƙihu: gaɓar mamaci ba kaya ba ce da za a ce an ƙwace ma wani.

Wani abin lura ga mazauna bakin iyaka shi ne, hukuma kanta na iya sa iyakar da ta hana mutum ya sa. Dokar lafiya ta Afirka ta Kudu ta 2003 ta hana a dasa gaɓa ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazaunin dindindin ba, sai da rubutaccen izinin minista. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1991, waɗanda aka sabunta a 2010, sun ce a yi rabo bisa buƙatar lafiya da adalci, kada kuɗi ya shiga ciki.

6. Abin da jiki da lokaci ke yankewa

Ko doka ta yarda da ambaton suna, akwai shingaye biyu da takarda ba ta kawar da su.

Na farko shi ne dacewa. Sai rukunin jini ya yi daidai: mai rukunin O ba ya karɓar ƙoda sai daga mai O, mai AB kuwa na karɓa daga kowa. Bayan haka ana auna alamomin tsoka da ake kira HLA, sannan a haɗa jinin mai karɓa da ƙwayoyin mai bayarwa a gani ko za su yi faɗa. Matar da ta haihu sau da yawa, ko wanda aka sha ƙara ma jini, jikinsu na iya ƙin ƙodar mafi kusa da su. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi saboda wannan dalili.

Na biyu shi ne lokaci da wurin mutuwa. Gaɓa na lalacewa da zarar jini ya daina zaga ta. Galibin masu bayarwa mutane ne da ƙwaƙwalwarsu ta mutu alhali inji na hura musu numfashi a ɗakin kulawa ta musamman. Majalisar Fiƙihu ta amince da wannan a matsayin mutuwa a taronta na Amman a 1986, ko da yake majalisar Rabiɗa ta Makka ta ce a 1987 ba a zartar da hukuncin mutuwa sai zuciya ta tsaya. Bayan an cire, zuciya ba ta wuce awa 4 zuwa 6, hanta kimanin awa 12, ƙoda kuwa awa 24 zuwa 36. Wanda ya cika a ɗakinsa a Sarkin Yamma ko a Jirataua, aka yi masa wanka da salla aka kai shi makwanci kafin la'asar, kamar yadda muka saba, babu ƙodar da za a ɗauka daga gare shi komai kyan wasiyyar da ya bari.

7. Darasi daga kyautar jini

Akwai wata kyauta ta jiki da mutanen Madarumfa suka sani sarai, ita ce ta jini. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari, ɗakin yara na asibitin gunduma, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana taimakawa, na karɓar yaran da jininsu ya ƙare. A asibitocin yankinmu an saba a ce ma dangi su kawo wanda zai ba da jini. Kawu ko baffa ya zo da niyyar ɗansa wane. Amma jinin da aka ɗiba sai an auna shi tukuna don sida, ciwon hanta da tunjere, kuma ba lalle ne rukuninsa ya yi daidai da na yaron ba. Sau da yawa ledar da aka rataya ma yaron ta wani ce da ba a sani ba, ta kawun kuma ta shiga ma'aji ta jira wani yaro.

Ba mu saba jin uwa ta tambayi addini ko ƙabilar mai jinin da aka sa ma ɗanta ba, haka nan kawun ba ya cewa a zubar da nasa in ba ɗansa aka ba ba. Niyyarsa ta cika, tun da don ya bayar ne ma'ajin bai ƙare ba. Wannan ne dalilin da ya sa dokoki ke ƙin iri na biyu. Jerin masu jira na aiki ne in kowa ya yarda cewa za a duba ciwonsa kaɗai. Ranar da aka bar kowane gida ya ware waɗanda ba ya so, marasa rinjaye da marasa dangi su ne za su koma ƙarshen layi, kuma mutumin Nijar da ke jinya a wata ƙasa na cikinsu.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya tsayar da amsa kamar haka. Mutum na da cikakken ikon ya yarda ko ya ƙi, da ikon zaɓen gaɓar da za a ɗauka. Ambaton mutum guda da sunansa ya halatta a Najeriya da Amurka, ya zama roƙo a Ingila, an hana shi a Faransa. Ware jama'a saboda launi, ƙabila ko addini bai samu gindin zama ba a inda aka gwada shi. A kowane hali kuma likita ne ke faɗin ko gaɓar ta dace.

Ga magidancin da ke da ɗa mai ciwon ƙoda, hanyar da ta fi kai shi ga biyan buƙata ita ce a auna dangi tun suna da rai, domin nan ne zaɓensa ke da tabbas. Wanda kuma ya so barin izini, ya rubuta shi a gaban shaidu biyu, ya sanar da matansa da manyan ƴaƴansa, ya kuma faɗi abin da za a yi in wanda ya ambata bai dace ba, don kada a bar magada da gardama a bakin gawa.

Ga masu shimfiɗa doka a Nijar, tambayar da ke gabansu ita ce wace hanya ta fi dacewa da mu. Al'adar shari'armu na jan mu zuwa ga tsarin Faransa na ɓoye suna ɗungum. Amma a ƙasar da zumunci ke riƙe da jinyar mara lafiya tun daga kuɗin mota har zuwa ledar jini, dokar da za ta hana uba ya ba ɗansa za ta sa mutane su ƙi bayarwa baki ɗaya. A ganinmu tsarin Ingila na 2010, wanda ya saurari roƙon dangi ya kuma ƙi sharaɗin wariya, shi ya fi kusa da fiƙihun izini da kuma abin da jama'a ke yi tuni a sha'anin jini. Muna fatan malaman fiƙihu, likitoci da masana shari'a za su zauna tare a kan wannan batu kafin buƙatar ta iso.